ZARE: Abin da ke cin wasa a ƙaramin teburin foka

1/ Jama'a, yau kan foka zan yi magana, wasan kartar nan na Amurkawa da kuke gani a finafinai. Zaren da tsawo, a gyara zama. Ra'ayina tun daga farko shi ne: a ƙaramin tebur, ba mai burga ke cin wasa ba. Mai ci shi ne wanda ya fi kowa ajiye kati, ya fi kowa ƙirga, wanda kallon wasansa ma sai ya sa ka hamma.

2/ Kafin ƴan "Malam ai wannan caca ce" su cika min ƙasan nan: eh, foka ta kuɗi caca ce, ba wani kwana-kwana. Aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta gama magana. Mu a majalisarmu da tsinken ashana muke yi, ba a cin sisin kowa. Ita kanta kartar da babu kuɗi malamai sun yi saɓani a kanta, wannan kowa ya koma wa malaminsa. Zan dawo kan batun kuɗin can gaba, don lissafin wasan da kansa yana da ta cewa.

3/ Ga wanda bai taɓa gani ba. Nau'in da duniya ta fi yi sunansa Tekzas Holdem. Kati 52 ne. Kowa a ba shi biyu a rufe, su ne "hannunsa". Sai a buɗe biyar a tsakiya, na kowa da kowa: uku a tare, sannan na huɗu, sannan na biyar. Cikin bakwai ɗin nan, naka biyu da na tsakiya biyar, kake zaɓar biyar mafi ƙarfi.

4/ Ana zubi kafin a buɗe komai, ana kuma yi bayan kowace buɗewa. In layi ya zo kanka ko ka ajiye katinka ka fita, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara a kai. In ba wanda ya zuba, kana iya cewa a wuce. Abin da aka tara a tsakiya mu tukunya muke ce masa. Mutum biyun da ke hagun mai rabo suna yin zubin dole, ƙarami da babba, tun ba su ga katinsu ba, kuma rabon zagayawa yake yi.

5/ Ƙarfi daga ƙasa zuwa sama: tagwaye, wato biyu masu lamba ɗaya, tagwaye biyu, ƴan uku, jere, kamar 5 6 7 8 9, ƴan gida ɗaya, wato biyar masu zane iri ɗaya, misali duk zuciya, ƴan uku haɗe da tagwaye, ƴan huɗu, sai jere na gida ɗaya. A shi ne babban kati, sai K, Q, J, 10, har ƙasa. Kana cin tukunya ko don naka ya fi in an buɗe, ko don kowa ya ajiye ya bar ka. Shi ke nan dokar. Minti goma ta ishe ka.

6/ To, wa ya ɓata mana tunani? Fim. Ku tuna Casino Royale na 2006. Hannun ƙarshe, mutum huɗu, dala miliyan 115 a tsakiya: wannan da ƴan gida ɗaya, waɗancan biyun kowa da ƴan uku haɗe da tagwaye, sai oga Jemis Bon ya buɗe 5 da 7 ya haɗa jere na gida ɗaya. Irin wannan haɗin, ko da za ka zauna har katin ƙarshe a kowane rabo, kusan sau ɗaya yake zuwa cikin 3,200. Amma yaro ya kalli wannan, gobe an ba shi 5 da 7 sai ya ji ai shi ma Bon ne 😂

7/ Na farko kuma mafi girma: yawancin abin da za a ba ka shara ne. Hanyoyin da kati biyu za su iya haɗuwa 1,326 ne. Cikinsu guda 6 kacal ne A biyu. Wato sau ɗaya cikin rabo 221. A tebur na ido da ido ana yin rabo kamar 30 a awa, ka ga sai ka yi awa bakwai kafin ya leƙo ka. Tagwaye kowane iri ma, ko da 2 da 2 ne, sau ɗaya ne cikin 17.

8/ Mu da muka taso da wot nan ne muke shan wuya. A wot duk abin da aka ba ka da shi za ka fafata har ƙarshe, iyakaci ka je kasuwa. Babu zancen "na ajiye". Sai mutum ya taho foka da wannan ɗabi'ar, yana ganin ajiye kati kamar gudu ne daga filin dambe. Alhali a foka ajiyewa kyauta ce in ba kai ke da zubin dole ba, kuma ita ce makamin da ya fi kowanne arha.

9/ Waɗanda suka iya wasan, a teburin mutum shida, hannu ɗaya suke shiga da shi cikin huɗu ko biyar. Sauran duk jefarwa suke. Yanzu ka leƙa teburin abokai ka gani: kowa na ciki, kowane rabo. "Bari dai in ga ukun farko." Wannan jimlar ta cinye tsinken mutane fiye da duk wata burga da aka taɓa yi.

10/ Me ya sa? In katinka biyu ba tagwaye ba ne, ukun farko za su ba ka tagwaye ne kusan sau ɗaya cikin uku. Sau biyu cikin uku ka biya kuɗin kallo ne kawai, ka tashi fayau. Kuma ranar da ka samu ɗin ma ba lallai murna ba ce.

11/ Ga misalin da nake so ku riƙe. Kai kana da A da 7. Shi yana da A da K. Aka buɗe tsakiya, A ya fito. Kai ka ji daɗi, ka samu tagwayen A, wa ya isa? Shi ma su ya samu, amma K ɗinsa ya danne 7 ɗinka. Za ka bi shi zagaye uku kana zuba masa, kana jin kai ne a sama. A da K yana cin A da 7 kusan sau uku cikin huɗu. Matsalar hannu mai rauni ba ranar da ya faɗi ba ce, wannan ai ka ajiye ka huta. Ranar da ya ɗan tashi ce, ya riƙe maka wuya ka kasa saki.

12/ "Amma ai gida ɗaya ne, duk zuciya." Na ji. Kati biyu ƴan gida ɗaya suna cika biyar ne kamar sau 6 cikin 100, shi ma in ka zauna har ƙarshe. J da 4 na zuciya, J da 4 ne da ya sha kwalliya.

13/ Sai kujera. Wannan shi ne abin da sabon shiga ba ya gani sam, don ba a jikin kati yake ba. Bayan an buɗe ukun farko, mai rabo shi ke magana a ƙarshe, a kowane zagaye. Duk wanda ya taɓa zuwa sayen rago ya san daɗin wannan: ka bar wasu su fara tayawa, ka ji bakin kowa, sannan ka buɗe naka. Wanda ya fara magana a duhu yake yi.

14/ Don haka hannu ɗaya yana da daraja biyu. K da 10 a kujerar farko, da mutum biyar a bayanka ba su yi magana ba tukuna, ni jefarwa nake. K da 10 ɗin nan a kujerar mai rabo, kowa ya ajiye sai masu zubin dole, ƙarawa zan yi. Kati bai canza ba. Yawan mutanen da za su iya fin ka ne ya ragu, kuma kai za ka riƙa ganin motsinsu kafin su ga naka.

15/ In kuma za ka shiga, shiga da ƙari, kamar ninki uku na babban zubin dole. Ban da lallaɓowa. Mai lallaɓowa da bi kawai yana gayyatar kowa ne biki. Ku duba: A biyu, sarkin hannaye, in da mutum ɗaya yake karawa yana ci kusan 85 cikin 100. In mutum biyar suka biyo shi har ƙarshe, yana sauka ƙasa da rabi kaɗan. Sai ka ga mutum ya ɓoye A biyu wai dabara, ya bar gayya ta shigo da arha, wani ya haɗa tagwaye biyu da 9 da 4, shi kuma ya kwana yana cewa an yi masa asiri.

16/ Yanzu lissafin da ya raba masu wasa da masu fata. Kar ku gudu, bai kai na aji uku a firamare ba.

17/ Tukunya na da tsinke 100. Mutumin ya zuba 50. Yanzu akwai 150 a tsakiya, kai kuma 50 za ka biya. In ka bi, duka ya zama 200, naka a ciki 50. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Ma'ana: in kana ganin za ka ci fiye da sau 25 cikin 100, bi riba ne. In ƙasa da haka ne, asara ce, ko da yau ka dace. In cikin tukunyar ya zuba gaba ɗaya, 100 a kan 100, kai za ka biya 100 cikin 300, sai kana da 33 cikin 100.

18/ To ta ina za ka san damarka? Ƙirga katunan da za su cece ka. Kana da zuciya biyu a hannu, biyu sun fito a tsakiya. Zuciya 13 ce a karta, ka ga huɗu, saura 9. Katunan da ba ka gani ba 47 ne. 9 cikin 47, kusan 19 cikin 100 ke nan a kati na gaba. In za ka ga na huɗu da na biyar duka, kusan 35.

19/ Gajeriyar hanya: adadin masu cetonka sau 2 in kati ɗaya za ka gani, sau 4 in biyu ne. 9 sau 2, 18. 9 sau 4, 36. Bai yi daidai cif ba amma ya isa a yi hukunci. Sai dai a kula, sau 4 ɗin nan na wanda ba za a sake cajinsa ba ne, misali an riga an zuba duka. In mutumin zai sake zubi bayan kati na huɗu, to kati ɗaya ka saya, sau 2 za ka yi. Nan mutane da yawa ke yaudarar kansu.

20/ Haɗa biyun. Ya zuba rabin tukunya, kana buƙatar 25, kana da 19. Farashin bai yi ba. Abin da kawai zai gyara shi shi ne in mutumin yana da tsinke da yawa a gabansa, kuma irin wanda ba ya iya ajiyewa ne, ranar da ta cika maka zai biya ka da yawa. A ƙaramin tebur irinsu sun yi yawa, shi ya sa ban ce kullum a jefar ba. Amma in tsinken gabansa ya kusa ƙarewa, me za ka ci a gaba? Ajiye.

21/ Wanda ba ni da sassauci a kansa shi ne jere mai rami a tsakiya. Kana da 5 6 8 9, kana jiran 7. Guda huɗu ne a duniya. 4 cikin 47, sau ɗaya cikin 12 ke nan. Mutum zai biya rabin tukunya yana jiran wannan, in ta zo ya daki tebur ya ce "na faɗa muku jikina ya ba ni". Sau goma sha ɗayan da jikin nasa ya yi masa ƙarya ba ya ba da labarinsu.

22/ Mu zo kan burga, tunda ita kuka zo ji.

23/ 2003, babbar gasar duniya ta foka a Las Begas, wadda aka faro tun 1970. Wani akanta daga jihar Tenesi, Kiris Monimeka, sunan nasa ma da Turanci "mai ƙera kuɗi" yake nufi, ya samu kujerar dala 10,000 ta hanyar wata ƙaramar gasa a intanet. Mutum 839 suka shiga. Ya rage daga shi sai Sam Farha, tsohon hannu ɗan asalin Labanon. A wani rabo Monimeka ba shi da komai sai K, ya tura duk abin da ke gabansa a katin ƙarshe. Farha na riƙe da tagwayen 9, ya fi shi. Ya yi tunani, ya yi tunani, ya ajiye. Daga baya Monimeka ya ɗauke gasar, dala miliyan 2.5.

24/ Wannan bidiyon ya jawo dubban mutane cikin wasan. Zuwa 2006 masu shiga gasar sun kai 8,773. Amma ku lura da abin da ya sa burgar ta ci. Mutum ɗaya ne a gabansa. Kuma mutumin gwani ne, mai iya zama ya auna ya ce "wannan labarin ya yi kama da gaskiya", ya jefar da hannu mai kyau. Burga tana cin mai tunani ne. Mutuminka na majalisa da ke cewa "ni fa sai na gani da idona" ba ya jin labari. Tagwayen 3 gare shi, zai bi ka har bangon duniya.

25/ Lissafinta ma ga shi. Tukunya 100, ka yi burga da 50. Dole ta yi aiki sau ɗaya cikin uku kafin ka mai da uwar kuɗi. Da mutum ɗaya mai hankali, ana samu. Amma a ce mutum uku ne a ciki, kowanne yana ajiyewa rabin lokaci. Rabi na rabi na rabi: sau ɗaya cikin takwas ne duka ukun za su ajiye tare. Kana buƙatar 33, kana da 12 da ɗoriya. Wannan ba jarumta ba ce, sadaka ce.

26/ Ban ce a daina burga kwata-kwata ba. In kai ka ƙara tun farko, mutum ɗaya ya biyo ka, ukun farko suka fito a warwatse kamar K 7 2, ɗan zubi kaɗan yakan ɗauke tukunyar, don shi ma sau biyu cikin uku bai samu komai ba. Haka in kana jiran cikon ƴan gida ɗaya, zubi na ba ka hanya biyu: ko ya ajiye yanzu, ko ta cika maka. Waɗannan burga ce mai madogara. Wadda nake faɗa da ita ita ce ta "yau sai na nuna musu".

27/ To in ba burga ba, daga ina cin yake zuwa? Daga wannan ciwon nasu na rashin iya ajiyewa. Tunda za su bi, ka sa su bi da tsada lokacin da kai ne a sama. Ka samu manyan tagwaye da mataimaki mai kyau? Zuba. Kashi biyu cikin uku na tukunya, ko fiye. Kati na huɗu, sake zuba. Kar ka ce "kar in kore shi". Ba ya koruwa, ai shi ya sa burgarka ba ta cinsa. Ba zai yiwu mutum ɗaya ya zama ba ya jin tsoro in kana ƙarya, kuma ya zama matsoraci in kana da gaskiya ba.

28/ Wannan ita ce asarar da ba a gani. In ka yi burga aka kama ka, kowa ya gani, an yi dariya. In kana da hannun da za a biya ka 80 ka ce a wuce, ba wanda ya sani, har kai kanka. Amma 80 ɗin ta tafi, daidai da wadda aka ci ka.

29/ Sai kishiyar haka. Akwai Alhajin tebur, wanda tun da aka zauna bi kawai yake yi, bai ƙara ko sau ɗaya ba. Kwatsam a katin ƙarshe ya ninka zubinka sau uku. Ɗan uwa, yana da shi. Ba ya burga, bai ma san hanyar gidanta ba. Tagwayenka masu kyau sun mutu, yi musu addu'a ka jefar. Masu sa baƙin gilashi suna leƙen ƙwayar idon mutane suna ba ni dariya. Bar fuskarsa. Kalli sau nawa yake shiga, da nawa yake zubawa in yana da abu, da abin da ya buɗe a ƙarshe. Hannun da aka buɗe ba ya ƙarya, kuma lokacin da ka ajiye kana zaune shi ne lokacin karatunsu, ba na danna waya ba.

30/ Za ka yi duk wannan daidai kuma a cinye ka. A biyu a kan mutum ɗaya yana faɗuwa kusan sau ɗaya cikin bakwai. Ba zalunci ba ne, haka kartar take. Tambayar bayan wasa ba "na ci ko ban ci ba" ba ce, "da abin da na sani a lokacin, farashin ya yi ko bai yi ba" ita ce. Wanda bai raba waɗannan biyun ba, daren da ya yi shirme ya dace zai ɗauka ya iya, daren da ya yi daidai aka ci shi zai watsar da daidai ɗin.

31/ Kuma a nan zuciya ke shigowa. An ci ka da katin ƙarshe, kunnenka ya yi zafi, rabo na gaba ka shiga da 8 da 3 don ramuwa. A kan wa? Kartar ba ta san an yi ba. In ka ji wuyanka ya fara kumbura, tashi ka sha ruwa, a yi rabo biyu ba kai.

32/ Don ku san yawan wasan da ake buƙata kafin a raba iyawa da sa'a: a Janairun 2017 masana a Jami'ar Kanegi Melon ta Amurka sun haɗa manhajarsu Libratus da ƙwararru huɗu a birnin Fitsbag. Kwana 20, rabo 120,000, don kar a ce dace ne. Kwamfutar ta lallasa su. Yanzu ɗauki teburinku: rabo 30 a awa, awa huɗu duk Asabar. Kafin ku kai 120,000 sai kun yi shekara 19. Saboda haka wanda ya ci sati uku a jere yake ce maka shi ƙwararre ne, ka ce masa sannu.

33/ To, kuɗi. Na ce zan dawo. Masu cewa "ɗan kaɗan ne ai, don wasan ya yi armashi", ku zo mu yi lissafin da muka koya yanzu.

34/ Duk gidan caca, na gini ko na waya, yana yankar la'ada daga kowace tukunya. A ce 5 cikin 100, wasu wuraren ma sun fi haka. Ku shida, kowa ya zo da naira 10,000, jimla 60,000. A ce kowace tukunya 2,000 ce, la'ada 100. Rabo 30 a awa, awa huɗu, rabo 120. Gida ya kwashe 12,000. Ɗaya bisa biyar na duk abin da kuka zo da shi, ya fi jarin mutum guda, kuma bai riƙe kati ko ɗaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

35/ Abin haushin, ƙaramin tebur ya fi jin wannan yankan. La'adar tana da iyakar da ba ta wucewa, manyan tukwane suna zarce iyakar, ƙanana kuwa ba sa kaiwa, ana yankarsu cif kowane rabo. Wato inda aka ce maka "nan ne na masu koyo, ba haɗari", nan ne rabon gida ya fi kauri. Bai isa ka fi abokan wasanka ba, sai ka fi su da ratar da ta wuce la'ada. Ita kanta babbar gasar da ake ta yaɗa hotunanta, a 2024 mutum 10,112 suka shiga, kusan 15 cikin 100 ne ke fita da wani abu. Sauran dala 10,000 ɗinsu ta tafi, ba mai ɗaukarsu hoto.

36/ "Mu a ɗaki muke yi, ba la'ada." To kuɗin wa kake ci? Na wanda kuke cin abinci kwano ɗaya. In ka bi abin da ke zaren nan, kai za ka riƙa cinye su a hankali, wata bayan wata, kuma wanda zai fi zubawa shi ne wanda ya fi kasa riƙe zuciyarsa, sau da yawa shi ne ma wanda ya fi buƙatar kuɗin. Ka san yana da rauni, ka san kuɗin cefane ne, ka ninka masa zubi don lissafi ya ce a ninka. Ni ban ga yadda za a yi wannan da daddare a gaisa da safe da zuciya ɗaya ba.

37/ Akwai hujja ɗaya mai ƙarfi a wancan ɓangaren, kuma ba zan ɓoye ta ba: in ba abin da mutum zai rasa, wasan lalacewa yake. Gaskiya ne. Ku shiga manhajojin nan na kyauta ku gani, kowa na tura duka da 9 da 2, don in ya ƙare za a sake cika masa. Ba abin da za ka koya a can ban da doka. Kuma da yawansu in naka ya ƙare sai su ce ka sayi ƙari da kuɗin gaske, kuɗin da ba ya dawowa ko ka ci. Wannan kuma wane suna za a ba shi?

38/ Amma maganin ba naira ba ce. Abin da ake buƙata shi ne tsinken ya yi tsada, kuma akwai hanyar sa shi tsada. A yi shi gasa. Kowa tsinke 100, murfin lemo ɗaya a matsayin goma don kar ashanar ta ƙare. Zubin dole ya fara da 1 da 2, a ninka duk minti 20. Wanda nasa ya ƙare ya fita, babu ƙari, babu aro, babu "don Allah ran min goma". Ya koma gefe ya yi kallo har a tashi. Wallahi mutum ya yi zaman awa ɗaya da rabi yana kallon wasu suna dariya sau biyu, sati na uku za ka ga ya koyi ajiye J da 4.

39/ Sannan a rubuta maki. Na ɗaya 5, na biyu 3, na uku 1, a riƙa tarawa a guruf ɗin WhatsApp har wata uku. Ba kyauta, ba tara, suna ne kawai. Kun san mu da son suna. Ƙwallon unguwa ma da ake karya ƙafa a kanta nawa ake biya?

40/ Abu ɗaya da gasa ke canzawa: zubin dole na hawa, don haka haƙurin yana da iyaka. In abin da ya rage maka bai fi ninki goma na babban zubin dole ba, lokacin lallaɓawa ya wuce. Ko ka tura duka ko ka ajiye, kuma gara ka zama kai ka fara turawa da ka bi na wani, don mai turawa yana iya ci ba tare da an buɗe kati ba. Wanda ya zauna jiran A biyu a nan, zubin dole ne zai cinye shi yana kallo.

41/ Ga aikin gida. Kana kujerar mai rabo da A da 5, duk zuciya. A tsakiya akwai K na zuciya, 9 na zuciya, 2 baƙi, 7 baƙi. Saura kati ɗaya, waɗanda ba ka gani ba 46. Tukunya 60. Alhajin nan da ba ya burga ya zuba 60, tsinke 20 kacal ya rage a gabansa. Bi, ƙari, ko ajiyewa? In kuma 15 ya zuba maimakon 60 fa? A ajiye amsa a ƙasa tare da lissafin. Wanda ya rubuto min "jikina ya ba ni" zan yi masa shiru.